Atamfar da ke Ƙasan Jakarki

Zuru,
Lahadi, bayan an taso daga coci.

Ɗiyata Saratu,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya rufe idon mugu daga motarku, ya ba direbanku natsuwa, tun daga tashar Zuru har inda za ki sauke jaka. Na san ba za ki ga takardar ba sai kin isa sansani kin zazzage kayanki, don na cusa ta ne tsakanin garin dawa da ƙullin kuka. Da gangan na yi haka. Ni da ke mun san halinmu: ina fara magana kina duba waya, kina fara ba ni amsa ina ɗaga murya. Takarda ba ta da murya, sai ki karanta ki yi fushinki a can.

Bari in fara da abin da zai ɓata miki rai. Ranar Alhamis na je wurin Kawunki Ɗanladi. Na san shirin da kuka ƙulla a bayan idona, cewa da kin gama makonnin sansani zai yi wa wani saninsa magana a dawo da ke Kebbi, ki ƙarasa bautar ƙasarki kina kwana a ɗakinki kina cin tuwona. Na ce masa ya cire hannunsa.

Ya ce, "Rifkatu, mi ya same ki? Kowa na nema a maido mai da ɗiyarshi kusa, ke kina tura taki ƙasar Ibo?"

Na ce, "Yaya, ba ni na tura ta ba. Amma tunda Allah ya kai sunanta Ebonyi, ba ni zan goge ba, kai ma ba kai za ka goge ba."

Ya girgiza kai ya ce taurin kaina na tsohonmu ne. Ban musa ba. Saboda haka ki sani, shekarar nan a can za ki yi ta, daga farkonta har ƙarshenta. Ki ƙarasa karatun takardar kafin ki kira ni kina kuka.

Kin sha jin ina cewa na zaga ƙasar nan. Gaskiya ne kuma ƙarya ne. Ina yarinya babanki ya ɗauke ni zuwa bariki, kuma daga nan duk inda aka canza masa wurin aiki sai a loda mu a bayan lorin soja, mu da katifu da tukwane da yara, a saki tampol. Ba ka ganin komai sai ƙurar da ke shigowa ta gindi. In an ɗaga tampol, ka iso. Haka na je Ibadan, haka na je Fatakwal. Ko'ina gini iri ɗaya, fenti iri ɗaya, maƙwabta 'yan Arewa, busar ƙaho da asuba iri ɗaya.

Shekarar da na fara dawowa gida bikin girbinmu na Uhola, na zo da takalmi mai tsini da bakin da ya fi ƙarfina. Kakanki yana zaune gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, ni kuwa ina ta zuba masa sunayen garuruwa. Ya bari na gaji, sannan ya ce, "Can Ibadan ɗin, wane wata ruwansu ke sauka?" Na ce ban lura ba. Ya ce, "Da wace irin fartanya suke noma?" Na ce ban duba ba. Ya ce, "In sun yi mutuwa, yaya suke yi wa mai makoki gaisuwa?" Na fara wasa da bakin zanena. Sai ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa, ya ce, "To ba ki je ba, kai ki aka yi. Buhun dawa ma yana zuwa Legas."

Na ji haushi ƙwarai, don tsohon nan bai taɓa wuce Kwantagora ba. Amma in zai ci kasuwar Bena da ƙafa yake zuwa, ya kwana a rugar abokinsa Bafulatani, ya san wace rijiya ce ba ta ƙafewa, ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rashi a duk hanyar. Da Fulatanci yake gaida Fulani. Ɗan abin da ya taka na duniya ya san shi kamar tafin hannunsa, ni kuwa na ƙetare manyan koguna ban san sunansu ba.

Ku 'yan yanzu tampol ɗinku a hannu kuke riƙe da shi. Na gan ki ranar da muka je Kanya ta'aziyya, tun daga tasha har muka sauka kanki na duƙe a kan waya. Ki ɗaga kai, Saratu. In za ki shiga mota ki nemi gefen taga. Ki dubi abin da suka shuka, ki dubi yadda matansu ke ɗaukar kaya, ki tambayi na kusa da ke sunan garin da kuka wuce. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kada ki biye wa ƙawayen da za su ce kowane ƙarshen mako a tafi wani gari a ɗauki hoto a dawo. Gara ki san unguwa ɗaya har karnukanta su daina yi miki haushi, da ki tara hotunan garuruwa goma.

Da na ji maganar kakanki, da ba ki karanta sauran takardar nan ba. Ban ji ba. Bayan wannan aka mai da mu barikin da ke kusa da Abakaliki, can jihar da za ki. A nan aka haife ki, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne wadda ta fara yi miki wanka.

A kasuwar mami, wato 'yar kasuwar da ke jikin bariki, akwai wata mata mai sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi. Kowa Mama Ngozi yake ce mata. Doguwa ce, kakkaura, muryarta na kaiwa bakin ƙofar bariki in tana ciniki. A wurin sojoji ta koyi Hausa, saboda haka kowa namiji ne a bakinta. Ni "Matar Kofur" take kirana. Tun ranar farko ta ɗora mini ido, ban san dalili ba. In na sayi kifi sai ta ƙara mini, in na wuce ban tsaya ba sai ta ƙwala mini kira.

Wata rana na tarar tana cin tuwon rogonsu, wanda ake jiƙawa ya yi tsami. Ta matsa mini kwano ta ce in sa hannu. Ni kuwa, ɗiyar manomin dawa, na toshe hanci da bakin mayafi a gaban mutane. Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce, "Matar Kofur, hanci naka ya fi ciki naka girma!" Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Sai daga baya na tuna cewa ta ja kwanon ta rufe shi da faranti, ba ta ƙarasa ci ba.

Ki dubi rashin kunyata, ni da nake zuba daddawa a miya har maƙwabta su san me na dafa. Kowane gari da warin da ya saba da shi har ya zama ƙamshi. Garin dawan da na sa miki na kwanakin farko ne, kafin cikinki ya saba. In ya ƙare kada ki aiko a ƙaro miki, ba zan aiko ba. In an ce ki zo ki ci, ki wanke hannu ki zauna, ko loma biyu ce. Zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi, kuma wanda ya kira ki ga kwanonsa ba yunwarki kaɗai yake dubawa ba.

Duk shekara in lokacin bikin sabuwar doya ya zo, Mama Ngozi takan ce in bi ta ƙauyensu in ga yadda ake yi. Ba nisa, mota ɗaya ce. Duk shekara nakan ce sai baɗi. A raina ina cewa me zan gani a bikin doya, ni da na san Uhola?

Ina da cikinki wata bakwai aka tura su babanki wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Kakarki ta riga ta rasu, gida ya yi nisa, waya kuwa a lokacin sai ofis. Na haife ki da wahala, na dawo ɗaki ba na iya ɗaga bokiti, ga yayyenki maza biyu ƙanana suna kukan yunwa. Matan layinmu sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowace da nata ɗawainiyar. Washegari da hantsi sai na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mama Ngozi ce, da tabarma a hammata, da jakar kaya a ka, da tukunya a hannu. Ba ta tambaye ni ba. Ta ce, "Matsa, na zo."

Ta rufe rumfarta ta tare a ɗakina. Kullum da safe ta tafasa ruwa ta gasa mini ciki da tawul, ina ihu tana yi mini faɗa da yarensu. Ta dafa mini farfesun doya da busasshen kifi, mai yajin da ke sa hawaye, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ita ke yi miki wanka, ta miƙe miki hannuwa da ƙafafu, ta cilla ki sama ta cafe, ni ina salati ina rufe ido. In kin yi kuka ita ke tashi, ta ce in kwanta. Ita ta fara kiranki Ada, wai haka suke kiran ɗiya mace ta fari, kuma daga bakinta yayyenki suka ɗauka har ya bi ki zuwa yau. Kin taɓa tambayata inda sunan ya fito na ce miki sunan bariki ne.

Ta fi wata guda a wurina. Da na warware, ranar da za ta tafi, ta naɗe tabarmarta ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana riƙe da ke. Na ga kamar tana jiran wani abu. Ni kuwa na yi mata godiya irin ta maƙwabta. Na ce, "Sannu da aiki, Mama, Allah ya saka." Na raka ta bakin layi na juyo. Ba a daɗe ba babanki ya dawo, takardar canji ta fito, aka loda mu a lori zuwa Jos. Ranar da muka tashi ta je ƙauye, ban ma yi mata sallama ba. Aka saki tampol.

Sai da kika fara makaranta na san abin da na yi. A barikin Jos na haɗu da matar wani saja, 'yar ƙauye ɗaya da Mama Ngozi, wadda ta san mu tun Abakaliki. Muna wanki a famfo na ba ta labarin kirkin matar nan. Ta tsame hannunta daga ruwa ta dube ni, ta ce, "Ashe ke ce." Ta ce abin da Mama Ngozi ta yi mini suna kiransa omugwo, kuma ba maƙwabciya ke yin sa ba, uwa ce ke zuwa ta yi wa ɗiyar da ta haifa. In ta gama, ɗiyar takan sallame ta da sabuwar atamfa, da sabulu, da gishiri. In ta koma ƙauye mata su taru su yi mata barka, ta ɗaura zanen su gani, ta ɗan rarraba musu tsarabar. Da haka ake sanin ta je ta ga jika.

Ta ce Mama Ngozi ta faɗa wa duk ƙauyen cewa ta tafi omugwo wurin ɗiyarta 'yar Arewa. Ta dawo da tabarma da tukunya. Mata suka zo barka suka tarar ba abin nunawa, wasu suka yi mata dariya a bayan ido.

Na ce, "To ita Ngozi fa? Ba ta haihu ba ne?"

Matar ta ce, "Ngozi ta rasu tana budurwa, tun kafin ku zo. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yanta. Da tana raye da sa'arki ce."

Saratu, shekara huɗu ina kiran matar nan Mama Ngozi, ban taɓa buɗe baki na ce ina Ngozi ba. Na bar wankin a famfo na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar da uwata ta mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wata ce ta yi wannan kuskure da na ce ba ta sani ba. Amma ni? Mu ne fa mutanen golmo. Babanki shekara bakwai yana noman gonar kakanki shi da abokansa kafin a ba shi ni. Ina kai musu ruwa ina ganin bayansa yana sheƙi da zufa. Mun fi kowa sanin cewa wanda ya duƙa ya yi maka aiki da jikinsa, damina bayan damina, ba lada yake nema ba, dangi yake nema ya zama. Ba wanda zai ce wa ɗan golmo "sannu da aiki" ya sallame shi a bakin gona. Ga shi mace ta zo ta yi mini golmo a cikin ɗakina, da ruwan zafi da tawul, ban gane ba. Na ɗauka mu kaɗai Allah ya ba wannan hankali, sauran mutane ciniki kawai suka iya. Da na bi ta bikin doya sau ɗaya, da na zauna cikin matan ƙauyensu yini guda, da na ga wata ta dawo daga omugwo da idona, da ba sai an faɗa mini a bakin famfo ba.

A makon da na ji labarin nan na je kasuwa na sayi atamfa mai kyau, turmi guda, shuɗiya mai zanen ganye, don na tuna tana son shuɗi. Na ce zan kai mata da hutu. Hutu ya zo aka ce kuɗin makaranta. Wani hutun ya zo babanki ya kwanta ciwo. Daga nan ya rasu, muka dawo Zuru, na shiga noma da kiwon ku. Na taɓa ba wani soja saƙo, ya dawo ya ce wata ce a rumfar yanzu, tsohuwar ta koma ƙauye. Dalilai ba su taɓa ƙare mini ba, amma gaskiyar ita ce kunya nake ji. Duk shekara nakan fito da atamfar in shanya ta in mayar cikin akwati. Yanzu tana ƙasan jakarki, a cikin baƙar leda, ƙarƙashin takalmanki. Na sa ta a can ne don kada in sake samun dalilin fasawa.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ki bi shi yadda na faɗa. Kada ki ruga ƙauyen a makon farko kamar mai kai saƙon gidan waya. In kin yi haka kin maimaita nawa, sai dai ke da leda a hannu. Ki fara zama tukuna. In an tura ki makarantar da za ki koyar, ki nemi ɗaki cikin mutanen gari, kada ku haɗu 'yan Arewa ku kulle kanku a gida ɗaya kuna jin Hausa daga safe har dare. Ki koyi gaisuwar safe da ta yamma, da yadda ake gaida tsoho, da abin da ake cewa a gidan rasuwa. Za su yi miki dariya in kin karya harshe, ki bar su su yi, dariyar nan ita ce ƙofa. Ki sami mace ɗaya a kasuwa ki riƙa saye a wurinta kullum har ki san sunayen 'ya'yanta, da wanda ke raye da wanda ba ya raye. In kin ga abin da ba ki gane ba, kada ki ce "mu a wurinmu ba haka ake yi ba." Ki ce, "Me ake nufi da wannan?" Sannan ki rufe baki ki saurara.

In kin kai inda za ki iya shiga gida ki gaida tsohuwa da yarenta, ki ci abin da aka ajiye miki ba tare da kin taɓa hanci ba, to lokaci ya yi. Na rubuta sunan ƙauyen da na mijinta a bayan takardar nan. Ki nemi wata babbar mace ta raka ki, ki sayi gishiri da sabulu mai yawa. Wannan ba aikin mako uku ba ne, shi ya sa na je wurin Kawunki.

Kada ki ɗauka ban san tsoro ba. Ina da ido, ina ganin mutanen ƙauyukanmu da suka baro gonakinsu suka cika garin nan, kin kuma san iyalin da ke ɗakin bayanmu ba don daɗi suka zo ba. Hanya ba ta da tabbas a ko'ina yanzu. Kada ki yi tafiyar dare, kada ki shiga motar da ba ta tasha ba, ki riƙa gaya wa wani inda za ki. In har wani haɗari na gaske ya taso, ki kira ni, da kaina zan je in durƙusa wa Kawunki. Amma kewar gida ba haɗari ba ce, warin tuwon rogo ma ba haɗari ba ne. Kuma ki sani, baƙon da unguwa ta san sunansa ya fi wanda ya kulle kansa a ɗaki tsaro, don shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa in wani abu na zuwa.

Ban sani ba ko tana raye. In ta riga mu, ki nemi matan 'ya'yanta ki ba babbarsu atamfar, ki raba gishirin ga matan ƙauyen, ki ce musu ɗiyar Mama Ngozi ta Arewa ce ta aiko, ta makara amma ba ta manta ba. Ki sa su nuna miki kabarin.

In kuwa kin same ta, ko ba ta gani, ko ba ta ji sosai, ki durƙusa ki kama hannunta ki ce, "Ni ce Ada." Kada ki ba ta atamfar. Ki kira ni. Na riga na gaya wa matan zumuntar coci su nemi wadda za ta riƙe mini awaki, ciwon gwiwar nan kuma ya yi abin da zai yi. Zan shiga mota daga Zuru, ko kwana nawa za a yi a hanya, in zo in ɗaura mata da hannuna a gaban matan da suka yi mata dariya. Wannan karon a gefen taga zan zauna, kuma in na dawo zan je kan kabarin kakanki in gaya masa watan da ruwansu ke sauka.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya haɗa ki da masu kiranki ga kwanonsu, ya ba ki idon gane su tun suna gabanki. Ya dawo mini da ke lafiya bayan shekara, ba kafin nan ba.

Ni ce uwarki,
Rifkatu.